Kwalaben Gidan Hegarty

Ranar Lahadi ce, ƙamshin gasasshen naman rago da dankali ya cika gidan Donal Hegarty da ke bayan garin Cork, a ƙasar Ireland. Kowa na ci yana santi, ban da Nuala da ke ta juya cokali a faranti.

"Amarya ta fara yajin abinci don rigar biki ta shige ta ne?" in ji Donal yana dariya. "Tiernan, ka kula fa, kar iska ta ɗauke maka ita kafin ranar!"

Tiernan ya yi murmushi ya dubi budurwar tasa, sai ya ga idanunta sun kawo ruwa.

Nuala tana digiri na biyu ne a fannin gwajin magunguna. Donal, mahaifin Tiernan, shi ke da ɗan kamfanin haɗa maganin zazzaɓi na yara, inda rabin unguwar ke cin abinci. Da hannunsa ya ba ta kwalabe ta yi aikin bincikenta a kansu, yana cika baki cewa ko tabo ba za ta samu ba.

"Donal," ta ce, "sabbin kwalaben nan akwai matsala. Wani sinadari na fitowa a ciki wanda zai iya taɓa ƙodar yaro. Na maimaita gwajin har na gaji, amsar ɗaya ce."

Donal ya ajiye cokalinsa.

"Injin makarantarku ne ya lalace."

"Na so a ce haka ne, wallahi."

"To ki cire shi daga rubutunki. Maganar gida ce, a gida za mu gyara."

"Ba zan iya ba. Maganin yana kantuna. Gobe zan nuna wa malamata, ita kuma dole ta sanar da hukumar kula da magunguna, sai dai in kai ka riga mu."

Donal ya buga teburi har kofuna suka yi tsalle. "Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'ar! Ko shigowa gidan ba ki yi ba za ki rushe shi? Tiernan, ka ji abin da ka kwaso mana!"

"Baba, ka bari mu—"

"Babu mu! Ko ita, ko gidan nan!"

Nuala ta jira Tiernan ya ƙara ko kalma ɗaya. Ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki rigar ruwanta ta fita tana kuka.

Washegari ta kai sakamakon. Hukuma ta dakatar da maganin har a gama bincike, aka sallami ma'aikata na wucin gadi, aka fasa bikin. Matan da suka saba tare ta da hira a kanti yanzu sai su juya mata baya. A ɗakin gwaji takan tsaya gaban injin hawaye na zuba cikin tabaranta, ta goge ta ci gaba.

Tiernan ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofar makaranta duk ya rame.

"Sori, Nuala. Na san gaskiyarki ce. Ni da kaina na hana sauran kwalaben fita daga sito. Amma Baba ko barci ba ya yi, in na bar shi yanzu ban san abin da zai same shi ba."

"Ban ce ka bar shi ba. So na yi ranar nan ka ɗaga kai kawai."

"Za ki jira ni?"

"Ban sani ba," ta ce. Amma zoben baikonsu bai bar yatsanta ba, kuma ko a gaban mahaifiyarta ba ta taɓa aibata Donal ba.

Ana cikin haka, wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofarsu. Tana buɗewa ta ga Donal riƙe da hularsa, Tiernan na bayansa.

"Zan iya shiga, 'yar nan?"

Ta ɗora shayi. Donal ya karɓi kofin ya fara magana.

"Jiya jikata ta yi zazzaɓi. Uwarta ta buɗe kabad ta ɗauko kwalbar da ta rage a gida, ta cika cokali. Ban san lokacin da na buge hannunta ba, har kwalbar ta fashe." Ya ajiye kofin. "Ina ta rantsuwa maganina lafiya yake, amma na kasa bari tawa ta sha. To 'ya'yan mutane fa?"

Nuala ta rufe baki, hawaye suka ɓalle mata.

"Ki yafe mini. Ki yafe wa wannan sakaran ma, tsorona ne ya ɗaure masa baki."

"Laifina ne, Baba, ba naka ba," in ji Tiernan. Ya matso ya riƙe hannunta. "Ba zan sake barinki ke kaɗai a irin wannan ba."

Bincike ya nuna ɓarnar daga wani sabon dillalin kayan haɗi ta fito. Donal ya sha asara ba kaɗan ba, amma babu yaron da ya cutu, kamfanin kuma ya sake buɗewa. Nuala ta gama karatunta da yabo, aka ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwarsu. Matan kanti suka cika layin gaba, Donal kuwa ya fi kowa kuka.

Ya ku matasa, wanda ke ƙaunarku tsakani da Allah ba zai saya muku kwanciyar hankali da ƙarya ba. Gaskiya kan raba mutum da masoyansa na ɗan lokaci, amma in ya haɗa ta da haƙuri, da ƙafarsu za su dawo.