Yashin Maƙabartar Zango

Maɗinkiya ba ta san hutu ba. Daga kowane bene a birnin Bakin Gishiri ana hango ta cikin teku, tana takawa a kan dogayen ƙafafunta na ƙarfe, bakinta a ƙarƙashin ruwa yana zuƙar yashi, wutsiyarta tana feso shi a duk inda igiyar ruwa ta yage gaɓa. Ruwa ya yaga, ita ta ɗinke. Daga nan ta samo sunanta, kuma mutanen gari suna ji da ita ƙwarai, har mawaƙa sun sa ta a waƙa.

Injiniya Lantana Jatau ce ta ƙera ƙwaƙwalwar wannan na'ura. Mace ce marar zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye take sha. Ofishinta yana can ƙololuwar ginin Hukumar Gaɓa, inda bango guda allon haske ne mai nuna bakin tekun jihar kakaf, kowane yanki da launinsa.

Tun da rijiyoyin mai suka ƙafe, abu biyu suka rage wa jihar: tashar jiragen ruwa da otal-otal na Unguwar Lu'ulu'u. Da harajinsu ake biyan malaman makaranta, da shi ake sayen magani. Teku kuwa kullum ƙara tasowa yake yi. Shi ya sa yashi, wanda a da kowa ke ɗiba kyauta da kwano, ya zama abin awo, don bai isa kowa ba. Ga kuma inda matsalar take: in aka kwashe yashi daga gindin wata gaɓa, ruwan wurin sai ya yi zurfi, igiya ta samu ƙarfi, ta cinye gaɓar. Maɗinkiya tela ce da ba ta da sabon yadi. Dole ta yanko daga ƙasan riga kafin ta yi wa wuya faci.

To, wa za a yanka? Lantana ta koya mata yadda za ta zaɓa ba tare da son kai ba, kuma tana alfahari da hakan. Na'urar tana auna kowane yanki da abu uku: ginin da ke kansa, cinikin da ake yi a cikinsa, da sawun mutanen da ke taka shi. Wannan shi ake kira nauyin wuri. Wanda ya fi kowa rashin nauyi, shi ke ba da yashi. Babu kamun ƙafa, babu ɗan gidan wane.

Wata ranar Laraba da hantsi aka ce mata tana da baƙo. Baffa Nomau ne, ƙanen mahaifinta, daga Zangon Fatake, tsohuwar unguwar Hausawa da kakanninsu masu fataucin goro suka kafa a bakin ruwa. Tsohon bai yarda da magana ta allo ba, ya ce ba ya gaisawa da mutumin da ba ya jin numfashinsa. Ya ƙi zama, ita ma ta ƙi, suka gaisa a tsaye.

"Lantana, abar nan taki tana cin maƙabarta," in ji shi. "Jiya da muka kai gawar Malam Ilu, mun tarar ruwa ya shigo har ya kayar da katangar kudu. Kuma ta can kabarin Yaya, mahaifinki, yake."

Lantana ta juya wajen allon. Ga shi kuwa, wani yanki fari fat a gefen Zango, launin wurin da ba shi da nauyi. Ta sha ganinsa, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi ko mene ne ba.

"Maɗinkiya, me ya sa kike ɗiba a nan?"

Muryar na'urar ta fito a natse, kamar kullum. "Fili ne, Injiniya. Babu gini, babu ciniki, sawu kaɗan ne."

"Akwai mutane a ciki."

"Ban ga kowa ba."

Ina za ta gani? Mutanen Zango ba sa yi wa kabari siminti, ba sa kafa dutse, ba sa rubuta suna. A jera itace, a mayar da ƙasa, a soka reshe ko fasasshiyar tukunya, shi ke nan. Damina ta zo ta daidaita komai. Maza suna zuwa ranar binnewa, su yi addu'a su watse. Mata kuwa, bisa al'adar unguwar, ba sa rakiyar gawa. Ranar da aka fita da gawar mahaifinta Jatau, Lantana tana yarinya, iyakarta bakin zaure, tana kallon bayan maza har suka sha kwana. Tun daga ranar ba ta taɓa taka wurin ba. Kuma tana kewarsa har gobe, mutumin da ya fara ɗaukar ta a kafaɗa ya nuna mata teku.

"In na hana ki nan, ina za ki koma?" ta tambaya.

"Wuri na gaba a rashin nauyi. Gidajen Zango."

Baffa Nomau bai ji wannan ba, don ta mayar da muryar cikin ɗan kunnenta, wanda shi ne na'urar sauraronta. Ta sallame shi da alƙawarin za ta zo, ta sauka zuwa ofishin Kwamishina ba ta ko jira na'urar hawa ba.

Kwamishina Sambo ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ya saurare ta har ƙarshe, ya yi wa mahaifinta addu'a, sannan ya ce, "Injiniya, so kike a ɗebo daga gaban Lu'ulu'u? Otal guda ya faɗa ruwa, sauran su tattara su gudu. Sai in ce wa asibiti me? Asibitin haihuwa na Zango ma da wannan harajin yake tsaye."

"Ranka ya daɗe, to a rage ɗinkin. A bar wani wurin ya ɗan yage."

"Wane wuri? Ke kika ce mana kada ɗan Adam ya zaɓa, a bar ma'auni ya zaɓa. Mun yarda, mun mai da shi doka." Ya numfasa. "Tsakanin maƙabarta da gidajen, kina da ikon sauyawa, mabuɗin yana hannunki. Abin da ya wuce nan ba ni da shi."

Ta fito ta rasa inda za ta sa kanta. Ta hau jirgin sama-da-titi zuwa Zango, ta kasa zama a ciki. Ta sauka ta bi lungu da ƙafa, tsakanin mata masu ƙyafe kifi da tsofaffi masu saƙar raga a gindin bango. Wata ta gane ta, ta ɗaga murya, "Lantana ta Jatau! Yau an tuna da mu?" Ta yi murmushin dole ta wuce.

A bakin maƙabarta ta tsaya, ƙafarta ta ƙi ƙetare dokin ƙofa. Baffa Nomau ya fito ya same ta. Daga nan tana jin rugugin Maɗinkiya, tana ganin igiya tana lasar ƙasa tana komawa da ita.

Da dabara guda ta zo. Hukuma tana da wata garkuwar ƙarfe, ƙarama, wadda ake kafawa don kare abu ɗaya, kamar rijiya ko turken wuta. Ba za ta rufe maƙabarta ba, amma za ta rufe kabari guda.

"Baffa, nuna mini daidai inda Baba yake."

Tsohon ya dubi filin, ya daɗe. Ya ɗaga hannu ya zana wani faɗi a iska. "Ta wajen nan ne. Akwai wata bishiyar kwakwa da nake kwatance da ita, ta faɗi bara."

"Daidai nake so, Baffa. Daidai!"

"'Yar nan, ni na sa shi a ciki da hannuna, amma wallahi ban sani ba. Ai don haka ake yi. Don kada wani ya fi wani."

Sai ta gaya masa sauran maganar, ta gidajen. Ta yi tsammanin zai yi faɗa, ko ya yanke mata hukunci ta huta. Bai yi ko ɗaya ba. Ya juya ya kalli unguwar, hayaƙin kifi yana tashi, ana kiran sallar azahar.

"Ba zan zaɓar miki ba," ya ce. "Abar nan, ke kika haife ta." Ya tafi alwala.

Lantana ta tsaya da mabuɗin a tafin hannunta, wani ɗan ƙarfe da bai kai goro ba. Ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba. Ta ji haushin Kwamishina, ta ji haushin Baffa, ta ji haushin kakannin da suka rasa inda za su sauke kaya sai bakin ruwa. Daga ƙarshe ta jefa mabuɗin cikin jaka, ta ja zif, ta bar Maɗinkiya a kan maƙabarta. Ta yi kuka a nan bakin ƙofa, irin wanda ba ta samu ta yi ba tana yarinya.

Mazan Zango suka kwashe waɗanda aka gane wurinsu, sababbin binnewa, suka kai su tudu. Tsofaffin kaburbura aka bar wa Allah. Kafin damina ta ƙare, ɓangaren kudu ya tafi, sauran ya bi shi.

Abu ɗaya Maɗinkiya ta fi mutane: ba ta mance inda ta kai kaya. Da Lantana ta tambaye ta, nan take ta nuna mata. Yashin kudancin maƙabarta yana gaban otal mafi tsada a Lu'ulu'u, an tace shi, an baje shi fari tas.

Ran Juma'a da la'asar ta je. Baƙi suna kwance ƙarƙashin lema, kiɗa yana tashi, wani mutum-mutumin hidima ya gangaro ya tambaye ta ko tana son kujera. Ta ce a'a. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. A nan babu ƙofa, babu mai cewa mace ba ta shiga. Ta taka a hankali, tana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron tashin wani daga barci, har ta kai tsakiya. Ta durƙusa, ta damƙi yashin, da ɗumi a cikinsa.

"Assalamu alaikum, Baba," ta ce. "Ni ce. Na zo."

Ɗan kunnenta ya yi ƙara.

"Injiniya, na ga sawunki a yankin nan, na ƙara masa nauyi," in ji Maɗinkiya. "Sannan ina sanar da ke, yashin maƙabarta ya ƙare. Gobe da safe zan fara gaban gidajen Zango."

Lantana ta miƙe zumbur, yashin yana tsiyaya ta tsakanin yatsunta. Ta laluba jaka ta ciro mabuɗin. Sai ta tuna, babu sauran wurin da za ta sauya da shi.