Hannun Baba a Kan Ƙarfe

Rana ta yi ja a bayan duwatsun Rano, kaji sun fara neman makwanci, lokacin da Munzali ya kwanta a bencinsa na bayan gida ya kama ƙarfe. Ƙarfen ba na kanti ba ne. Bututun famfo ne da gwangwanayen fenti biyu cike da siminti, waɗanda mahaifinsa Malam Dalhatu ya zuba masa da hannunsa. Shi ne kuma yake tsaya masa a ka kullum, don ya tare idan ya gaza. Bara Munzali cilla abin nan yake yi kamar taɓarya. Yau ya sauke shi a ƙirji, ya tura, ya ƙi tashi. Idanunsa suka firfito, numfashi ya tsaya masa a wuya. Sai tsohon ya sa hannu ɗaya ya ɗauke ƙarfen, ya ajiye a hankali, ya ce masa ya ƙara himma.

Himma kuwa ita ce ba ta yi wa Munzali ƙaranci ba. Soja yake so ya shiga, ana ta maganar za a buɗe ɗauka bayan kaka, kuma duk majalisar samarin unguwa ta san in mutum ɗaya za a ɗauka a Rano, shi ne. Amma tun saukar damina jikinsa yake zubewa. Mai kemis ya ce ƙarancin jini ne, ya sha magani har bakinsa ya yi tsami. Abokai suka ce ya cika wa jiki aiki, ya huta. Mahaifiyarsa Lami ta ce yunwa ce, ta ƙara masa ƙwai da nono. Ya ci, ya huta, ya tashi kamar an yi masa duka. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne uban da ya haife shi, tsohon ɗan kokawa mai furfura har gira, har yanzu shi kaɗai yake saɓa buhun masara yana raha.

A magaribar nan ce ƙarfen ya fara ƙara shi kaɗai. Suna alwala suka ji an ɗaga shi an saki, ƙasa ta amsa. Munzali ya leƙa, babu kowa, sai benci yana rawa. Washegari aka fara jifa da ɓaraguzan siminti a kan kwanon ɗaki, kuma daga an kira sallar isha'i sai a daina. Lami ta ce a nemo malami. Malam Dalhatu ya ce ba sai an tara masa jama'a a gida ba, yaran maƙwabta ne.

Ana haka wata yamma Saudat, ƙanwar Munzali, yarinyar da ko tulu sai an ɗora mata, ta ajiye tsintsiya ta nufi bayan gida ba ta ce da kowa komai ba. Suka bi ta. Suka tarar ta ɗaga ƙarfen da hannu ɗaya sama da kanta, tana kallon yayanta, tana dariya da muryar ƙato. Lami ba ta ƙara neman izinin kowa ba, ta aika ƙauyen Zurgu aka ɗauko Malam Ishiyaku mai ruƙiyya a kan babur.

Malamin ɗan siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya yi ta karatu har duhu ya fara cin fuskokin mutane. Can jikinta ya sandare, ta yi wani gurnani. Ya tambayi mai maganar abin da ya kawo shi gidan mutane.

"Ba shigowa na yi ba, Malam. Na riga yaran nan zama a gidan."

Aljanin ya ba da labarinsa ba gaggawa, kamar mai kai ƙara gaban dagaci. Ya ce a wani dutse yake can bayan Rurum. Dalhatu ya je masa yana saurayi, ya roƙi ƙarfin da bayansa ba zai taɓa ƙasa ba, ya ba shi aro, shi kuma yana kai masa yanka duk shekara. Da shari'a ta zo, kiɗan kokawa ya yi sanyi, Dalhatu ya ƙone layunsa a ƙofar masallaci jama'a na kabbara, ya daina yankan. Ya yi masa haƙuri shekara da shekaru, sannan ya zo karɓar kayansa.

"Sai ya yi mini kuka, ya ce ba zai iya zama tsohon da ake tayarwa ba. Ya ce in ɗiba daga jininsa in zuba masa, ga yaro can yana ɓarnar ƙarfi a kan siminti. Duk sanda hannunsu ya haɗu a ƙarfen nan, nan nake ɗiba. Yanzu yaron ya ƙafe, shi ya sa na matso kan yarinyar."

Munzali ya juya ya dubi mahaifinsa. Jira yake ya ji an ce ƙarya ne, aljanu ai ba a shaidarsu. Malam Dalhatu ƙasa yake kallo. Munzali ya tuna yadda tsohon ba ya taɓa fashin tsaya masa, ko ruwa ake yi, da yadda shi Munzalin yake faɗa wa abokansa yana alfahari cewa babu mai uba irin nasa. Ya ji ya tsani hannun tsohon nan.

Aljanin ya nemi baƙin bunsuru, Malam Ishiyaku ya ce ko kaza ba za a yanka masa ba. Ya nemi a bar masa ƙarfen ya zauna a ciki, malamin ya ci gaba da karatu har muryar ta koma ihu. Daga ƙarshe aljanin ya ce zai fita, amma da kayansa zai tafi, kuma sai wanda ya ara ya ce da bakinsa ya mayar.

Saudat tana murƙususu, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, Lami ta danne mata ƙafafu tana hawaye. Malam Dalhatu ya ɗago.

"Malam, babu wata hanyar?"

Wannan tambaya ta fi komai yi wa Munzali ciwo. Malamin ya kafe Malam Dalhatu da ido, har tsohon ya buɗe baki ya ce ya mayar. Saudat ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, ta tambaya da 'yar muryarta wa ya ɗauke mata tsintsiya. Da malamin zai tafi, Munzali ya bi shi zaure ya tambaye shi ko nasa ƙarfin zai dawo. Ya ce abin da aka ɗiba ya tafi, amma jikin saurayi yana sake tsiro, ya ci, ya yi barci, ya ƙyale ƙarfe zuwa wani lokaci. Sojan bana dai ya cire rai.

Munzali ya dawo tsakar gida aka kira isha'i. Malam Dalhatu ya dafa ƙasa zai miƙe, gwiwa ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya koma zaune. Sai ya miƙa wa ɗansa hannu, hannun da yake ɗauke ƙarfe da shi.

Munzali ya tsaya yana kallon hannun. Bai kama ba. Ya zagaya ta baya, ya sa hannuwansa a hammatar tsohon ya ɗaga shi tsaye. Duk da raunin da ke jikinsa, bai ji nauyin komai ba.