Gawon da Zakiru Ya Sare

"Wa ya nuna maka gonar nan?" Baba ya tambaya.

Zakiru na durƙushe, adda a gefensa, abokansa tara sun yi cirko-cirko. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Ba kowa, Baba. Ni na tambaya a gari."

Ƙarya yake, wallahi. Ni Haula, da wannan yatsan nawa na nuna masa.

A Bader Goula, saurayin da ke neman aure yakan tara gayya ya yi wa suruki aikin gona. Zakiru ya so ya yi nasa ba tare da Baba ya sani ba, don ya burge shi. Ni kuwa daɗi ya kwashe ni, na ce, "Masoyina, ka share ta fes, kada ka bar ko tsinke..."

Ban tuna da itatuwan ba. Shekara shida Baba yana rainon su, tun da malamin gona ya koya masu sassaben zamani: a bar tohon gawo da kalgo, a rage rassa, su tare iska kada yashi ya binne shuka. Shi da marigayiya Innata suka ɗaura wa kowane tsumma ja. Su Zakiru kuwa, gidansu har yau gona tas ake so. Sun ɗauka ƙiwuyar tsufa ce ta hana Baba sarewa, suka kwantar da itace sittin da huɗu kafin azahar.

Baba ya tsinci wani jan tsumma a ƙasa, ya daɗe yana juya shi.

"Ka ga wannan, ba ka tambayi mi yake nufi ba? Wanda ba ya tambaya kafin ya sare, ba ni ba shi ɗiyata."

Bakina ya buɗe, tsoro ya rufe shi.

Da aka mayar wa Zakiru da kayan neman aurensa, ya tare ni a rijiya.

"Don mi ba ki yi magana ba, Haula?"

"Don mi kai ka rufa mani asiri?"

"Don ina sonki... Na zaci ke ma za ki tsaya mani."

Kuka kawai na yi. Bayan sati biyu ya hau motar Agadas.

Daminar nan sau uku muka yi shuka, iska na binnewa. Sai da aka yi girbi na iya durƙusawa gaban Baba na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ya yi.

"Haba ɗiyata. Itace ai yana tohowa. Yaron da ya ɗauki laifinki a kansa kika bari na kora?"

Washegari da kansa ya tafi Roumbou, gidan su Zakiru. Na yini a bakin ƙofa ina jira. Da la'asar ya dawo, ya zauna bai cire takalmi ba.

"An ɗaura masa aure Juma'ar da ta wuce," ya ce. "Mahaifinsa ya ce a gaishe ki."