Ragar da Aka Ɗaura a Birkice

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe asibiti suka bugo waya caji ofis. An kawo musu wani ma'aikacin kamfanin kwali, inji ya ci hannunsa har kafaɗa, ya cika tun kafin a sauke shi daga mota. Sufeto ya ajiye biro, ya kira Sajan, suka kama hanya.

Shekararsa ashirin da biyu a bakin aiki, ya ga gawa iri-iri, amma shi da inji ba sa ga maciji. Ko injin niƙan unguwa ba ya yarda ya tsaya kusa da bel ɗinsa. Sajan ta san da haka. A mota ta ce in yana so ya tsaya daga bakin ƙofa, ita ta shiga ta riƙa ba shi labari. Ya harare ta kawai.

Manajan kamfanin ne ya tare su da kansa. Mutum ne mai jiki, cikin farar riga da ko karin gugarta bai baje ba, da filasta a yatsunsa biyu. Ya ce mamacin ana kiransa Bahago, shekararsa tara a kan injin nan, abin ya faru wajen goma da rabi, kuma nan take suka kira motar asibiti. Ganganci ne, in ji shi, irin na wanda ya saba da aiki har ya raina shi.

Ɗakin injin dogo ne, yana warin gam da jiƙaƙƙen kwali. Injin na tsakiya a kashe: gangunan ƙarfe biyu, kowace ta kai kaurin durom, sun haɗa baki da baki. An barbaɗa garin katako a ƙasa, amma jinin ya ratso. Yana jikin gangunan, yana jikin bango, har saman makunnin fitila.

A gaban gangunan akwai ragar ƙarfe mai fentin rawaya, wadda ke tsare hannun ma'aikaci daga bakin injin. Sufeto ya matsa. Ya shafa ragar ciki da waje, ya dubi yatsansa. Ƙura ce kawai. Ko ɗigo babu.

"Ta ina hannun ya shiga?"

"Ta ƙasan ragar, yallaɓai," in ji Manaja.

Sufeto ya durƙusa ya gwada. Yatsu huɗu ne suka shiga, da ƙyar.

"Kula da ragar nan aikin wa ne?"

"Na makanike. Ni mutumin ofis ne, ban taɓa riƙe sifana ba."

Ma'aikatan suna zaune a inuwar bango, babu mai ɗaga ido. Duk wanda aka tambaya sai ya ce ya juya baya lokacin, ko ya je ɗauko kaya. Sajan ta raɗa wa Sufeto cewa ashe kamfanin nan kowa da ƙeya yake aiki.

Can gefe wata mata tana zaune ita kaɗai a kan tarin kwali. Yayar Bahago ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a sashen ɗaure kaya take aiki, ita ce ma ta samo masa aikin. Ta ce ba ta ga komai ba, tana banɗaki. Tana magana tana kallon tagar ofishin Manaja. Sufeto ya lura da gefen tafukanta, sun kumbura sun yi jawur, fatar ta fashe a wuri biyu. Ya yi mata ta'aziyya, bai matsa ba.

Makaniken tsoho ne, kowa Baba yake ce masa. Suka same shi a ɗakin ajiyar kayan gyara yana jera noti a gwangwani. Ya rantse cewa tun da aka kafa injin ragar ba ta taɓa barin wurinta ba.

Sufeto ya zagaya ɗakin a hankali. Bayan wata tsohuwar fanka ya ga bango ya yi baƙi da ƙura, sai wani fili mai kusurwa huɗu da ya rage tas, da ɓurɓushin fentin rawaya a ƙasansa. Ya sa Sajan ta auna filin da igiya, ta je ta auna ragar. Ta dawo ta gyaɗa kai.

"Baba, wata nawa ta yi a jingine a nan?"

Tsohon ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan bokiti. Wata bakwai, in ji shi. Kwali yakan maƙale a bakin gangunan sau goma a yini. Da ragar, dole a kashe inji, a kwance ta, a zaro kwalin, a mayar, aiki ya tsaya. Ba tare da ita ba, mutum zai miƙa hannu ya fizge inji na gudu. Akwai wani ɗan makunni da ke kashe injin da zarar an ɗaga ragar, shi ma ya haɗe bakinsa da guntun waya don kada ya yi aiki.

"Wa ya sa ka?"

"Manaja."

"A rubuce?"

"Wa ke ba irina takarda, ɗana?"

Ya ce duk ranar da masu duba lafiyar wurin aiki za su zo, akan san da zuwansu tun jajibiri. Sai ya mayar da ragar da safe, su duba, su sa hannu, su sha lemo su tafi, shi kuma ya sake kwance ta kafin la'asar. Sau uku aka yi haka. Bahago ya taɓa tare shi a wajen famfo ya ce, Baba, abin nan yana ja mini riga. Shi kuma Baba ya ba shi shawarar ya riƙa naɗe hannun riga.

Sufeto ya tambaye shi ko shi ne ya mayar da ita yau. Baba ya ce bai ma shiga ɗakin ba, ya kasa.

Suka kai shi ɗakin injin. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya kanne ido, ya matsa kusa.

"Wannan ba aikina ba ne. A birkice take, sama ta koma ƙasa. Ga harshen da ke shiga makunni can yana kallon rufi. Noti shida gare ta, huɗu aka sa, biyu ma sun hau karkace."

Sajan ta karɓo littafin mai gadi. Makanike ya fita ƙarfe tara sayen bel, ya dawo sha biyu saura ashirin. Motar asibiti ta shigo sha ɗaya saura minti takwas. Sufeto ya buga wa likitan da ya karɓi gawar. Likita ya ce ba raunin ne ya kashe shi kai tsaye ba, jini ne ya ƙare. Wanda ya zubar da jini haka ya daɗe a kwance. Da an ɗaure hannun an garzayo da shi, wataƙila da yanzu yana gado yana tambayar ina hannunsa.

Sufeto ya sa aka kira yayar Bahago cikin motarsu, inda tagar ofis ba ta hango ta. Sajan ta zauna kusa da ita.

"Yaya, ƙofar da kika doka har hannunki ya fashe, wa ya kulle ta?" in ji Sufeto.

Ta daɗe tana kallon tafukanta. Ta ce 'ya'ya huɗu take ci da su, ga na ƙaninta uku yanzu, kuma an riga an gaya musu cewa duk wanda bakinsa ya yi tsawo ya nemi wani kamfanin. Sajan ta ce mata ba ta ita kaɗai za a ji ba, Baba ya riga ya yi magana.

Sai ta faɗa. Ƙararrawar hutun ƙarfe goma ba ta daɗe da bugawa ba ta ji ihun. Ta san muryar tun yana goye a bayanta. Maza suka kashe inji, suka juya gangunan da hannu, suka zaro shi suka kwantar. Yana numfashi, yana magana. Ta cire ɗankwalinta za ta ɗaure masa, Manaja ya shigo ya ce kowa ya fita a ba shi iska, shi zai kira asibiti. Ya tura su waje, ya shiga ɗakin kayan gyara ta ƙofar ciki, sannan ta ji an murza makulli.

"Me kika ji daga ciki?"

"Ƙarar ƙarfe. Da ƙanina yana cewa Yaya, Yaya. Daga baya sai ƙarar ƙarfen kawai."



A banɗakin ofishin Manaja, cikin kwandon shara, ƙarƙashin takardu, Sajan ta samo wata shuɗiyar riga a dunƙule. Gabanta ya yi zanen raga da ƙura da giris, kamar an buga hatimi. Bakin hannun ya bushe da jini.

Manaja ya ce wajen taimakon Bahago ya ɓata ta. Filastar yatsunsa kuwa durowa ce ta datse shi. Ya ƙara da cewa idan ma an cire raga, a tambayi wanda ya cire, da kamfanin da ya sayar musu da inji mai maƙalewa, da masu duba da suka sa hannu sau uku. Shi dai nasa tebur ne.

Sufeto ya ce to, su je ya nuna masa abu ɗaya kawai.

A ɗakin injin ya sa Baba ya kwance ragar ya jingine ta, ya ce ya kunna. Baba ya dube shi sau biyu kafin ya danna.

Ƙasa ta ɗauki rawa. Gangunan suka fara juyawa a hankali, sannan suka ɗauki gudu har jinin jikinsu ya zama jan layi ɗaya. Iskarsu tana jan gaban rigar Sufeto. Amma ya tsaya inda yake. Ya jefa guntun kwali. Bai ma ga shigarsa ba.

"Ga inda Bahago ke tsayawa. Zo ka nuna mini yadda ake zare kwali in ya maƙale."

Manaja ya yi taku ɗaya ya tsaya.

"Matso mana. Wata bakwai yana tsayawa a nan."

"A kashe shi."

"Ban ji ba."

"Don Allah a kashe."

Baba ya danna. Kafin gangunan su gama tsayawa Manaja ya zame ya zauna a kan garin katakon, farar rigar ta ɓaci.

Ya amsa cewa shi ya ba da umarnin cire ragar, domin kullum mai kamfani na bugo waya yana tambayar me ya sa kaya ba sa fita. Da ya ga Bahago a ƙasa, ba mutumin ya gani ba, kwaɗon da za a garƙama wa ƙofar kamfani ya gani, da kansa a gaban alƙali. Ya ce a ransa minti biyar ya isa ya mayar da ita sannan ya kira mota. Sai notin suka ƙi shiga. Ya kwance, ya sake, sifana ta zame ta yanke shi, jini na sa ƙafarsa santsi.

"Shi kuma yana ina?"

"A bayana. Yana kallona. Ya ce, Manaja, bar ta, ba zan gaya wa kowa ba, kira mota."

"Ka kira?"

"Sai da na sa noti na huɗu."

Sajan ta sa masa ankwa. Baba ya miƙo nasa hannayen tun kafin a ce masa, ya ce shi ya kwance, shi ya haɗa wayar, kuma ya san abin da yake yi lokacin da yake yi. Shi ma aka sa masa. Sufeto ya ce sauran masu sa hannu su ma za su zo su yi bayani, ɗaya bayan ɗaya.

Aka ratsa da su tsakar kamfanin. Ma'aikatan suka miƙe, wannan karon suna kallo. Yayar Bahago ta tsare Manaja da ido, shi kuwa bai iya ɗaga kai ba.

An buɗe ƙofar mota ke nan Baba ya toge.

"Ɗana, kafin mu tafi. Akwai ɗakin baya, bayan sito. Irin injin nan guda huɗu ne a ciki."

"Su ma?"

"Duk na cire musu. Ba a ce su tsaya ba. Mutum takwas ne a kansu yanzu haka."

Sufeto ya kasa kunne. Daga can bayan ginin wani gurnani ke tasowa, wanda tun zuwansu ya ɗauka na janareta ne. Ya karɓi makulli daga hannun Sajan ya buɗe ankwar tsohon.

"Ina babban makunnin yake?"

"Sai an ratsa ta tsakaninsu."

"Wuce gaba, Baba. Da sauri."