Kohinur ɗin Alhaji Kallamu

A kasuwar duwatsun ado ta Liwan suka haɗu, in ma haɗuwa za a ce. Shi dai Harouna ya gan ta. Ita Mas'uda tana sunkuye kan faranti tana tsince duwatsun leshi masu tabo, ba ta ga kowa ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyarta a Kano. Uban, Alhaji Kallamu, ya ɗauko ta ya kawo Guangzhou ta ƙasar China, wai canjin iska. Iska ta canja, yarinya tana nan yadda take. Shinkafa ko taliya? Duk ɗaya. Ja ko kore? Duk ɗaya. In an ce ci, ta ci. In an manta, ita ma ta manta.

"Sannu da aiki, 'yar Alhaji," in ji Harouna, ɗan Maradi mai aika wa teloli kaya. "Akwai ƙanana masu ruwan zuma?"

"Meyo," ta ce, yadda 'yan China ke cewa babu. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Bawan Allah ya tafi da meyo ɗin nan kamar wanda aka yi wa kyautar mota.

Shi Alhaji ba ya kiran ta da sunanta, sai Kohinur. A bakin maƙwabcinsa ɗan Pakistan ya tsinto. Wai wani lu'ulu'u ne da sarakunan Indiya suka yi ta ƙwace wa juna, ma'anar sunan Tsaunin Haske. A can, in abu ya wuce a taya shi, sai su ce ai wannan Kohinur ne. Alhaji ya ji, ya ce to ga tasa nan.

Masu so suka fara zuwa. Har da Saifullahi mai shagon waya a Dengfeng, wanda turarensa ke riga shi shiga shago. Shi ma ya ari sunan, safe da yamma saƙo: "Kohinur ɗina, hasken Guangzhou." Ta karanta ta kife wayar.

Alhaji kuwa kowa ya zo amsa ɗaya ce: "Ni ba na hana aure. Ran da ta buɗe baki ta ce tana so, na bayar."

Dattijon ya san 'yarsa. Wadda ba ta iya zaɓen abinci, ina za ta zaɓi miji? Matarsa ta tafi, ba ya shirin komawa ɗaki ya tarar ba kowa.

Harouna bai iya zance ba. Kullum bayan la'asar sai ya ja kujera ya taya ta tsince duwatsu. Rabin waɗanda yake warewa lafiyarsu ƙalau, ita ke mayar da su. Wata biyu a haka.

Rannan, ba ta ko dube shi ba, ta ce, "Kowa na ce min Kohinur. Kai ba ka taɓa ba."

"Ba kuma zan taɓa ba."

"To."

Washegari ya tafi masana'anta duba kaya, kwana huɗu. Ita ba ta sani ba. Ta ɗauka ya auna ta ne ya ga ba ta kai ba. La'asar ta yi, kujera ba kowa. Wani abu ya tsaya mata a ƙirji, ta sha ruwa bai wuce ba. Ta zauna tana mamakin abin, don ta daɗe ba ta ji ciwon komai ba.

A rana ta uku ta rubuta: "Lafiya?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar:

"Lafiya lau, 'yar meyo. Ina hanya. Na tambayi ɗan Pakistan labarin dutsen nan. Ya ce sai da aka sassaƙe kusan rabinsa don ya ƙara ƙyalli. Yanzu yana London cikin gilashi, mutane na wucewa suna kallo. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ina yake son zama. Shi ya sa na ƙi. Ni dai, ke nake so, ko kina haske ko ba kya yi. In ba kya so, dakor, na yarda, ki faɗa min da bakinki."

Sau uku ta karanta. Ba ta amsa ba.

Da ya dawo ya turo manya, dattawan Maradi biyu da babbar riga. Alhaji ya zuba musu shayi, hankalinsa kwance, ya ƙwala kira.

"Kohinur, ga mutanen Harouna. Me kika ce?"

Ta tsaya bakin ƙofa. Alhaji har ya fara murmushi.

"Baba, ban san ko so ba ne," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "Ni yanzu ba na jin abubuwa sosai. Amma ran da bai zo ba, na sani. Shi nake so a ba ni."

Kofin ya tsaya a hannun Alhaji.

"Ni fa? Ni kullum ina nan."

"Shi ya sa, Baba. Kai ba inda za ka."

Ɗaya dattijon ya yi tari ya dubi silin. Alhaji ya yi magana gaban shaidu, ba halin lashe amansa.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura, aka raba dabino. Saifullahi ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu don baƙin ciki. Amarya ba ta yi rawa ba, ba wanda kuma ya matsa mata. An dai ga da za su tsallaka titi ita ta kama hannun rigar angon.

Kafin sati ya zagayo Alhaji ya kama ɗaki a ƙasan benen da ango da amarya suke haya, wai gwiwarsa ba ta son hawa. A tsohon gidan nasa akwai lifta, amma ba wanda ya tanka.

Allah ya ba su zaman lafiya, su ukun. Ita kuma mahaifiyar, Allah ya haskaka makwancinta.