Gurbin da Mubina Ta Cike

A wani ƙauye kusa da Minjibir akwai wata yarinya mai suna Mubina. Tana aji biyar a firamare. Mubina akwai kai, akwai kuma baki. In ta ga abu sau ɗaya, to a ganinta ta gama iya shi.

Yayanta Kamaruddeen yana da ɗan shago a ƙofar gida. A ciki akwai wata babbar kwamfuta mai aiki da sola. Da ita yake haɗa bidiyon biki da na suna.

A wannan makon, bidiyon Islamiyyar su Mubina yake haɗawa. Za a nuna shi a walimar ƙarshen shekara ranar Asabar, kuma Mubina ce ta buɗe karatu a ciki. Ba wanda ba ta faɗa wa ba, har mai tallar manja.

Sai dai kwamfutar tana jan ƙafa. Don haka Kamaruddeen ya sayo wasu siraran alluna kore guda biyu daga Kano.

"Yaya, mene ne waɗannan?" in ji Mubina.

"Sunansu ram. A kansu kwamfuta take riƙe aikin da ke hannunta. In sun yi mata kaɗan, sai ta yi nauyi."

Ya kashe kwamfutar, ya zare waya, ya buɗe murfin. Ya cire tsohon ram ɗin, ya danna sababbin har suka ce ƙas. Mubina ta zuba ido, ba ta ko ƙiftawa. Ta lura akwai sauran gurbi babu komai.

Da aka kira sallar la'asar, Kamaruddeen ya tafi masallaci. Tsohon ram yana nan yashe a kan tebur.

Abin ya tsaya wa Mubina a rai. A gidansu ba a wofintar da abu. In sabon gari ya dawo daga niƙa, Inna takan juye ragowar tsohon a ciki. "Ga gurbi, ga ram," in ji ta a zuci. "Uku ai sun fi biyu."

Ta kashe, ta zare waya, ta buɗe murfi, ta danna. Ƙas. Ta mayar da komai yadda yake, tana ji da kanta.

Kamaruddeen ya dawo ya ci gaba da aiki. Bai yi nisa ba, fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya, ta mutu, ta tashi da kanta. Ya sake farawa. Ta sake mutuwa, daidai inda Mubina ta buɗe baki za ta yi bisimilla.

Ya duba batirin sola, lafiya lau. Ya saurari fanka, tana juyawa. Sai ya sa wata manhaja mai gwada ram. Jajayen layuka suka fara cika fuskar kwamfutar.

"Matsalar daga ram ce," ya ce. "Ƙila sababbin ne ba su da kyau. Gobe zan sa kwamfutar a mota in kai Kano."

"Yaushe za ta dawo?"

"Sai dai bayan walima."

Mubina ta tuna ƙawayenta. Ta tuna Inna, da har ta wanke mayafin zuwa walima. Da farko ta ce a ranta, ai ita ƙari ta yi, ba ragi ba. Amma kafin ta taɓa kwamfutar, lafiyarta ƙalau. Wannan kam ta sani.

"Yaya," ta ce, "ba biyu ba ne a ciki. Uku ne. Ni na mayar da tsohon."

Kamaruddeen ya juyo ya dube ta. Ransa ya ɓaci, kuma bai ɓoye ba.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Na ga kada ya tafi a banza ne."

Ya ja mata kujera. "Kin taɓa ganin Baba ya haɗa babban sa da ɗan maraƙi a garma ɗaya?"

"A'a. Ai huɗar karkacewa za ta yi."

"To haka wannan tsohon yake. Ba ya iya bin saurin sababbin. Zo, tare za mu gyara."

Suka cire duka ukun. Suka sa sabo ɗaya, suka gwada. Babu jan layi. Suka sa ɗayan shi kaɗai. Shi ma babu. Da suka haɗa sababbin biyu, gwajin ya tafi sumul har ƙarshe. Mubina ce take riƙe tocila, kuma duk abin da za ta taɓa sai ta tambaya.

Da yamma ta ba Inna labari. Inna ta yi dariya har ta ajiye muciya.

"Ke kin ga ina juye tsohon gari," ta ce. "Ba ki ga ina sansana shi tukuna ba. In ya yi tsami, kaji nake ba."

Ranar Asabar aka nuna bidiyon a filin Islamiyya. Muryar Mubina ta fito tar, daga bisimilla har ƙarshen sura, kwamfuta ba ta ko yi tari ba. Inna ta share ƙwalla da gefen mayafi.

A hanyar gida Kamaruddeen ya ce, "To Malama, me kika koya?"

"Ganin abu sau ɗaya ba shi ne iya shi ba," in ji Mubina. "Ko da niyya mai kyau ce, zan tambaya kafin in taɓa."

Tsohon ram ɗin ma bai tafi a banza ba. Kamaruddeen ya kai shi firamaren su Mubina, inda akwai tsohuwar kwamfuta daidai da shi. Mubina aka ba aikin saka shi. Kafin ta danna, ta ɗago kai ta ce, "Malam, in saka?"