Wanda Ya Fara Kallo

Bayan la'asar ne, hadari ya haɗo daga wajen kogin Binuwai amma ya ƙi zuba, sai zafin nan mai danƙo da ke manna riga a baya. A irin wannan yinin Hamma Nata'ala ya zauna a bencin shagona na aski a Jimeta ya ba ni labarinsa, idonsa a ƙasa. Ba wai ya fi yarda da ni ba ne. Ni ne dai na rage ina gaishe shi.

Nata'ala ɗan wasan kwaikwayo ne, haifaffen Yola Gari. Ya fara a wasannin talabijin na nan gida, yau maigadi, gobe ɗan sandan da ba ya magana. Da ya ga shekaru suna tafiya sai ya hau mota zuwa Kano neman shiga fim. Ranar farko aka ba shi magana guda ya faɗa. Ya gyara tsayuwa gaban kyamara ya ce, "Matata ya zo."

Har mai riƙe fitila sai da ya zauna don dariya. Mu nan Yola haka bakinmu yake, mace da namiji duk "ya" ne, duk "shi" ne. Ni ma da nake rubutun nan sai na riƙa tsayawa ina gyarawa. A can kuwa abin ya zame masa suna, kowa Matata Ya Zo yake kiransa.

Ya dawo da wannan ciwon a ransa. Ya liƙe wa rediyo, ya tsaya gaban madubi yana maimaita "ta" da "ya", har Hausarsa ta fi ta Kanawan tsabta. Ko mahaifiyarsa bai bari ba.

"Dada, Sakinatu ta dafa ake cewa, ba ya dafa ba."

"To malam," in ji tsohuwar. "Da wannan bakin na raine ka, kuma ka ƙoshi."

Hausa ta gyaru, amma babban matsayi a fim bai zo ba. Ga mata, Sakinatu, ga 'yarsu Naziha, ga Dada, duk a ɗaki biyu na haya. Wani abokin sana'a ne ya raɗa masa labarin wani tsoho a bayan Girei, gindin duwatsu.

Da rana tsaka ya je. Bukkar tana tsakanin manyan duwatsu biyu, ƙofarta gajera, sai ka durƙusa kuma ka shiga da baya. Ciki duhu ne da ƙaurin gashin da aka ƙona. Ƙahonni a rataye, an naɗe bakinsu da jan ƙyalle. A tsakiya akwai tukunyar ƙasa cike da baƙin ruwa, an jera fasassun madubai kewaye da ita, kowanne yana kallon ruwan. Tsohon yana zaune a kan fatar da Nata'ala bai gane ta wace dabba ba ce.

"Matarka ya san ka zo?"

Nata'ala ya ce min a nan sai da ya yi murmushi a ransa, ya ce ji tsoho da Hausar ƙauye. Ya amsa, "Ba ta sani ba, Bappa."

"Me kake so?"

"Ina so in fuskata ta fito a talabijin, kowa ya kasa ɗauke ido."

"Ƙaramin abu. Amma masu tukunya ba su aiki kyauta. Duk sabon fim da ka fito, wanda ya fara kallonka cikin mutanen gidanka, shi ne namu."

Nata'ala ya ce, "A karɓi rago mana. Ko sa."

"Rago yana kallon fim?"

"To har da ni a ciki?"

"Ban da kai. Kai ne kasuwan."

"Maimaita min, Bappa. Wanda ya fara kallo?"

"Wanda ya fara kallo. Shi."

Nan Nata'ala ya lissafa gidansa. Uwa, mata, 'ya. Babu namiji ko ɗaya sai shi, kuma an cire shi. Ya ga kamar ya sami ƙofar da tsohon ya manta bai rufe ba. Ya ce ya yarda.

Aka yanka baƙin zakara a bakin tukunyar. Tsohon ya sa shi wanke fuska da ruwan sau da yawa, sannan ya ce ya leƙa. Ya leƙa ya ga fuskarsa. Da ya ɗago, ya ce wallahi fuskar ba ta ɗago tare da shi ba, tana nan a cikin ruwan tana kallon rufin bukkar.

Kafin damina ta ƙare aka kira shi daga Kano. Fim ɗin farko ya fito, gari ya ɗauka. Na gani da idona a shagon nan, mutum da rabin aski a kansa zai ce in dakata sai Nata'ala ya gama magana. Ya sayi gida a unguwar Karewa, ya sayi mota, ya kafa ƙatuwar talabijin a falo. Amma ya kafa doka: ba yaron gida, ba maigadi, ba ɗan ɗan'uwa da zai zo hutu. Mutane suka ce kishi ne. Shi kuwa gani yake yana tsare rayukan mutane.

Dada ce ta fara ganin fim ɗin farko, tana kan tabarma da carbinta. Aka same ta a zaune ba rai, ido a buɗe, fuskarta tana kallon talabijin. Aka ce hawan jini ne da tsufa. Shi ma haka ya ce wa kansa, ya yi kuka, ya yi sadaka mai yawa, ya koma aiki.

Na biyun ya fito ranar da Naziha ta dawo daga makaranta da wuri. Ko takalminta ba ta cire ba ta kunna don ta ga babanta. Sakinatu tana kicin ta ji yarinyar ta ce, "Mama, Baba yana kirana." Da ta fito, an gama.

Ranar sadakar uku ya koma bayan Girei. Bai shiga da baya ba, ya faɗa ciki kawai.

"Ka ce shi! Namiji muka yi da kai!"

Tsohon bai ko ɗago ba. "Ni Hausan Kano na yi maka? Uwarka ya kalla ko bai kalla ba? Yarinyarka ya kalla ko bai kalla ba?"

Nata'ala ya ce a nan ya gane. Hausar da ya sha a nono ce aka yi masa, wadda ya yi shekaru yana kankarewa daga bakinsa har kunnensa ya daina jin ta.

"A warware, Bappa. Ku karɓi gidan, ku karɓi motar."

"Fuskan yana cikin ruwa. Sa hannu ka ɗauko in za ka iya."

Ya sa hannu har kafaɗa. Babu komai sai sanyi.

Ya dawo ya farfasa talabijin ɗin gidan, ya karɓe wayar Sakinatu, ya daina amsa kiran Kano. Amma akwai fim na uku da aka riga aka ɗauka. Ya roƙi masu shi kada su sake shi, suka ce dukiyarsu ce a ciki, kuma bai iya faɗa musu dalili ba. Ya mai da Sakinatu gidan iyayenta ya ce kada a bar ta kusa da talabijin. Wata maƙwabciya, Keturah, mai son ta da alheri, ta zo yi mata ta'aziyya, ta ce bari ta nuna mata mijinta a sabon fim ɗin a waya ko hankalinta ya ɗan kwanta. Sakinatu ta kalla kaɗan, cajin wayar ya ƙare. Shi ya sa ba ta mutu ba, in ji Nata'ala. Rabi aka ɗauka. Tana nan har yau a ɗaki, ta ɗaure idonta da ɗankwali, tana kiran Naziha ta zo ta cire takalmi.

Gidan Karewa ya tafi wajen neman magani, mota ta bi shi. Malamai sun yi addu'a, shi ma ya tuba, kuma Allah mai karɓar tuba ne. Amma waɗanda aka binne an binne su.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na gani nake faɗa. Duk wanda kwaɗayi ya kai shi gaban tukunyar boka, ya sani ba a yi wa waɗannan wayo. Kana murna ka sami ƙofa, ashe su suka buɗe maka ita. Kuma ba kai za ka fara biya ba, sai wanda ya fi son ganin fuskarka. Ka ji tsoron Allah, ka ci abin da guminka ya ba ka ko maigadi kake fitowa har ka tsufa.

Finafinan ba su daina yawo ba, tashoshi suna maimaita su. Da ya gama ba ni labarin ma, hadarin bai zuba ba, wani ya shigo aski, talabijin ɗin shagon tana kunne. Sai ga kiɗan farkon fim ɗinsa na biyu. Na ga bayansa ya sanƙare a kan benci. Na ajiye kilifa na miƙa hannu na mai da ita tashar ƙwallo. Wanda nake yi wa askin ya yi tsaki. Hamma Nata'ala bai juyo ba. Can ya tashi ya sa takalminsa ya bi hanyar Yola Gari a ƙafa.